Taluksangay: Ƙauyen Da Korarru Suka Gina A Bakin Tekun Filifin

 A wannan wata za mu yi nisan zango, domin kuwa ƙasar Filifin muka nufa, can kudu maso gabashin nahiyar Asiya, inda agogonsu ya riga namu da awa bakwai cur. Lokacin da muke sallar asuba a nan, su suna haramar azahar.

Mafi yawanmu in an ce Filifin, ma'aikatan jinyar nan da alhazai ke gani a asibitocin Makka da Madina ne ke faɗo mana a rai. Kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa Musulunci ya riga Turawa isa waɗannan tsibirai, kuma a ƙidayar shekarar 2020 an sami Musulmi kusan miliyan 7 a cikin mutum miliyan 109 da ke ƙasar. To mu dai yau ba Manila babban birni za mu ba. Wani ƙauyen masunta za mu leƙa mai suna Taluksangay, wanda mutanen da yaƙi ya tarwatsa, aka raba su da ƙasarsu shekara da shekaru, suka sake haɗuwa suka gina. Labarinsa ya isa abin a tsaya a saurara, musamman ga duk wadda ta san zafin barin gida ba da son rai ba.

Ina ne Taluksangay?

Ƙasar Filifin tarin tsibirai ce. An daɗe ana cewa guda 7,107 ne, sai a shekarar 2016 hukumar zana taswira ta ƙasar ta sake ƙirgawa ta sami 7,641. Na biyu a girma shi ne Mindanao da ke kudu, kuma a nan ne da jerin tsibiran Sulu akasarin Musulmin ƙasar suke. Daga yammacin Mindanao akwai wata doguwar ƙasa da ta miƙa cikin teku kamar hannu, a can ƙarshenta birnin Zamboanga yake, wanda ƙidayar 2020 ta nuna yana da mutum 977,234. Daga Manila zuwa can bai kai tafiyar awa biyu a jirgin sama ba.

Idan kika bar tsakiyar birnin kika bi gaɓar teku ta gabas, bayan kimanin kilomita 19 za ki iso Taluksangay. Hanyar ta ratsa ta cikin gonakin kwakwa da tafkunan kiwon kifi, sannan ta shiga wani irin daji da ba mu da shi a ƙasar Hausa, wato na itatuwan da ke tsirowa a cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje tamkar yatsu sun kama laka. Wannan daji shi ne gidan renon ƙananan kifi da kaguwa da jatan lande, shi ne kuma ke rage ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gidaje. Daura da ƙauyen akwai tsibirin Sacol da ya yi masa katanga, daga kudu kuma in gari ya washe ana hango duwatsun tsibirin Basilan.

A tsarin mulkin ƙasar, ƙauye ko unguwa sunansa barangay, akwai su wajen 42,000, kuma kowanne na da shugaba da jama'a ke zaɓa, wanda aikinsa ya yi kama da na mai unguwa. Kalmar ta samo asali ne daga balangay, sunan wani jirgin ruwa na katako da kakanninsu ke tafiya a ciki da iyalansu. Ke nan a harshensu, jirgi da ƙauye kusan suna ɗaya suke amsawa.

Gidaje a kan ruwa

Abin da zai fara ba baƙuwa mamaki shi ne wani ɓangare na ƙauyen a kan ruwa yake. Ana kafa dirkoki na katako a cikin teku, a shimfiɗa daɓen gora ko na katako a kai, a yi bango, a rufe da kwano ko ganyen wani kaba na bakin ruwa. Tsakanin gida da gida an yi siraran gadoji na katako, su ne lungunan unguwa, a kansu yara ke guje-guje, a kansu ake shanya kifi da tufafi. Kwalekwalen mai gida yana ɗaure a ƙarƙashin ɗaki kamar yadda ake ɗaure doki a turke.

Teku kan ciko ta kuma janye a kowace rana, don haka duk aikin gida da lokacinta ake auna shi. In ta janye mata da yara su sauka cikin laka da yashi suna tsintar katantanwa da kaguwa don miyar dare. In ta ciko maza su kwance kwalekwale. Abin ban tausayi, ga ruwa ko'ina amma na sha sai an saya ko an ɗauko daga tudu a jarka, ko kuwa a tari na sama, tunda na teku gishiri ne.

Wani abu kuma da zai rikita baƙuwa daga ƙasarmu shi ne alƙibla. Mu mun saba in an ce a fuskanci gabas, salla ake nufi. Su kuwa Makka tana yamma da su, saboda haka mafaɗar rana suke duba, su ɗan karkata arewa.

Mutanen Balangingi da abin da ya same su

Asalin mutanen Taluksangay ƙabilar Sama ne, reshen da ake kira Sama Bangingi. Sunan ya fito daga Balangingi, wani ɗan ƙaramin tsibiri tsakanin Basilan da Jolo, maras tudu, maras ruwan sha mai daɗi, wanda duwatsun ƙarƙashin ruwa suka kewaye shi ta yadda babban jirgi bai iya kusantarsa.

Bisa ga tarihin da aka gada a yankin, wani malami mai suna Karimul Makhdum ne ya kawo Musulunci tsibirin Simunul a wajajen 1380, sannan a ƙarni na 15 aka kafa masarautar Sulu. Turawan Sifen ba su iso ba sai 1521, suka kafa mulki daga 1565. Da suka tarar da Musulmi a nan, sai suka laƙaba musu suna Moro, sunan da suke kiran Musulmin Andalus da suka ƙwace wa birnin Garnaɗa a 1492. Suka gina ganuwar dutse a Zamboanga a 1635, aka shafe kusan shekara 300 ana ɗauki-ba-daɗi tsakaninsu da masarautun kudu.

A nan tilas a faɗi gaskiya komai ɗacinta. A farkon ƙarni na 19 sana'ar mutanen Balangingi ita ce kai hari ta ruwa da kamen bayi. Dalilin kuwa ya taso ne daga nesa. Turawan Ingila sun kamu da son shayin ƙasar Sin, Sinawa kuma ba su damu da kayan Ingila ba, abin da suke so shi ne lu'ulu'u, da wata dabbar teku mai kama da kokwamba da ake busarwa, da sheƙar wani tsuntsu da suke yin miya da ita. Duk waɗannan akwai su a yankin Sulu, sai dai babu isassun hannuwan da za su tattaro su. Sai manyan masarautar suka riƙa ba 'yan Balangingi jirage da bindigogi bashi, su kuma in iskar damina ta kaɗa su fita su kamo mutane daga ƙauyukan gaɓar Luzon da Visayas har zuwa Borneo da Sulawesi. Masanin tarihi James Warren ya ƙiyasta cewa tsakanin 1770 da 1870 an kawo mutum 200,000 zuwa 300,000 yankin Sulu ta wannan hanya. Har yau akwai tsofaffin hasumiyoyin tsaro a gaɓar arewacin ƙasar, waɗanda aka gina don hango jiragen maharan. Da yawa daga cikin kamammun sun musulunta, sun yi aure a can, 'ya'yansu sun zama 'yan Balangingi su ma.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A watan Fabrairu na 1848 gwamnan Sifen, Narciso Clavería, ya zo da rundunar jirage, cikinsu har da uku masu aiki da tururi, waɗanda ba ruwansu da jiran iska. Ya zaɓi lokacin da yawancin mazajen tsibirin suka fita, ya buɗe wa ganuwoyinsu wuta da igwa. Aka kashe sama da mutum 400, aka ƙone gidaje da jirage, aka sare dubban itatuwan kwakwa don kada kowa ya sake zama a wurin. Ɗaruruwan mata da yara aka kwashe zuwa Zamboanga. Shugabansu Panglima Taupan, wanda ba ya nan ranar, ya ci gaba da gwagwarmaya har 1858, sannan ya miƙa wuya da fatan za a mayar masa da iyalinsa. Maimakon haka sai aka tsare shi, aka kuma kwashi jama'arsa zuwa kwarin Cagayan da ke can arewacin Luzon, aka sa su aikin tilas a gonakin taba.

Ki duba wannan lamari uwargida. Matan da aka haifa a kan ruwa, waɗanda ba su san fartanya ba, aka kai su tsakiyar tudu inda ko ƙanshin teku ba sa ji, babu masallaci, babu mai jin harshensu. Laifin da maza suka aikata a teku, mata da ƙananan yara ne suka fi kowa biyan bashinsa.

Hadji Abdullah Nuño da masallacin 1885

A cikin yaran da aka kama akwai wani wanda tarihin ƙauyen ya ce ɗan Panglima Taupan ne. Ya tashi a hannun Kiristoci, aka yi masa baftisma, aka ba shi sunan Turawa, ya koyi harshen Sifen da yadda ake hulɗa da hukuma. Da ya girma ya sami hali sai ya komo kudu, ya koma addinin iyayensa, ya je aikin hajji, aka san shi da Hadji Abdullah Nuño. Mutanensa kan ƙara masa da Maas, wato dattijo.

Ilimin da ya samu a hannun waɗanda suka kama shi, da shi ya yi wa danginsa aiki. Ya nemi izini a wurin hukumar Sifen, ya shiga tattaro 'yan Balangingi daga inda suka warwatsu, har da waɗanda ke gonakin taba na arewa. Tsibirinsu na asali ya riga ya zama kufai, don haka ya zaɓi wannan wuri na kusa da Zamboanga, mai yashi da dajin ruwa irin wanda suka saba. Ba kowa ne ya dawo ba, domin har yanzu akwai zuriyar korarrun a lardin Isabela na arewa, sun saje da mutanen can.

A 1885 ya gina masallaci, wanda ake ɗauka shi ne mafi daɗewa a wannan yanki na yammacin Mindanao. An sha sabunta ginin ana faɗaɗa shi, kuma jajayen ƙubbobinsa su ne alamar ƙauyen, masunci na hango su tun daga cikin teku. Malamai daga ƙasashen Larabawa da Indiya da tsibiran Malayu suka riƙa sauka a nan, ƙauyen ya zama wurin neman ilimi. Jikokin maharan teku suka koma masunta da 'yan kasuwa da almajirai. Iyalin Nuño kuwa suka ci gaba da riƙe jagorancin wurin har bayan tafiyar Turawa.

Wasiƙa zuwa Santambul

A 1898 Sifen ta sha kashi a hannun Amurka, ta miƙa mata Filifin a kan dala miliyan 20, ba tare da an tambayi ko mutum ɗaya daga cikin masu ƙasar ba. A zamanin Amurkawa ne aka yi wani abu da ya fitar da sunan wannan ɗan ƙauye a duniya. A 1912 Hadji Abdullah da wasu shugabanni sama da 50 suka rubuta takardar koke zuwa ga Sarkin Musulmi na Daular Usmaniyya ta Turkiyya, suna roƙon a aiko musu da malamin da zai koyar da jama'arsu addini yadda yake. Abin mamaki, wanda ya ɗauki saƙon Ba'amurke ne, John Finley, gwamnan gundumar Zamboanga, wanda ya kai shi Santambul a 1913, zamanin Sultan Muhammad na Biyar.

Aka amsa roƙon, aka turo Sayyid Wajih al-Kilani, wani malami mutumin Nazarat ta Falasɗinu. Ya sauka Zamboanga a farkon 1914, jama'a suka yi masa gagarumar tarba. Sai dai manyan jami'an Amurka ba su saki jiki da shi ba, suna tsoron kada ya haɗa kan Musulmi, saboda haka 'yan watanni kaɗan ya yi ya bar ƙasar. Ya tafi Amurka yana neman a bar shi ya koma, a can Allah Ya yi masa rasuwa a 1916. Duk da haka wasiƙar ta nuna abin da ke ran dattawan Taluksangay. Mutanen da aka raba da malamai tsawon shekaru, da suka sami damar roƙon sarki mafi girma a duniyar Musulmi ta wancan zamani, malami suka roƙa.

Gona a cikin teku

Su shi ne tsohuwar sana'a. Akwai mai fatsa, akwai mai taru, akwai mai nutso da mashi. Tekun wannan yanki na da arzikin kifin sardin, har ana yi wa Zamboanga kirari da hedikwatar sardin ta ƙasar, saboda yawan masana'antun sa kifi a gwangwani. Da aka ga kifin na raguwa, tun daga 2011 hukuma ta riƙa hana manyan jirage kama shi na tsawon wata uku a kowace shekara, lokacin da yake zuba ƙwai.

Amma sana'ar da ta fi shigo da mata ita ce noman ciyawar teku, wadda suke kira agal-agal. An fara noma ta don sayarwa a kudancin Filifin a farkon shekarun 1970, bayan binciken wani masani na Jami'ar Hawaii mai suna Maxwell Doty tare da abokan aikinsa 'yan ƙasa. Ciyawar ba ta da saiwa ko ganye, rassa ne kawai masu santsi da kauri, kore ko ruwan ƙasa. Ba ta son taki, ba ta son ban ruwa. Ana yanka ta ƙanana, a ɗaɗɗaure a jikin doguwar igiya da tazarar kamar taƙi guda, a kai igiyar cikin teku a ɗaure ta a turaku, a sa mata robobin ruwa da aka shanye don kada ta nutse. Bayan kamar kwana 45 kowane ɗan reshe ya zama dami. Sai a kwaso, a ware iri, a shanya sauran a kan dandamali kwana biyu ko uku.

Ɗaurin irin nan aikin mata ne da 'yan mata. Za ki same su a inuwar gida sun kewaye tulin ciyawa, hannu na aiki baki na hira, jariri na barci a cikin zanen da aka rataye a jikin azara. Da kuɗin ake sayen littafin makaranta da shinkafa da magani. Daga busasshiyar ciyawar masana'antu ke fitar da wani gari mai suna karajinan, wanda ke sa abu ya yi kauri. Ana sa shi a askirim, da madarar kwali, da man goge haƙori, kuma da yake daga tsiro yake, ya hutar da Musulmi daga shakkar da ke tattare da sinadarin kauri da ake samu daga fata da ƙashin dabba. Ba mamaki man da kika goge baki da shi yau da safe akwai gumin wata baiwar Allah ta wannan gaɓa a cikinsa. Daga Filifin ne ma aka kai irin ciyawar Zanzibar a 1989, inda nan ma mata suka riƙe sana'ar.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. In ruwan teku ya yi zafi fiye da kima, ko ruwan sama ya yi yawa ya rage masa gishiri, ciyawar kan kamu da wata cuta da ke sa rassanta su yi fari su karye, wahalar wata ɗaya da rabi ta bi ruwa. Ga kuma dillalai, waɗanda kan ba manomi igiya da iri bashi, sannan in kaya sun bushe su ne masu yanka farashi. Ciyawar da ta cika kwalekwale, in ta bushe ba ta wuce 'yan buhuna.

Tabarma, tukunya da kwalliya

Matan Sama sun yi suna wajen saƙar tabarma da suke kira tepo. Da ganyen wani tsiro mai ƙaya a gefe mai suna pandan ake yi. A cire ƙayar, a tsaga ganyen siri-siri, a dafa, a shanya, a rina shi ja da kore da shuɗi da ruwan ɗorawa, sannan a saƙa ba tare da an zana komai a takarda ba, lissafin duk a ka yake. Tabarma mai kyau kan ci makonni, kuma uwa ce ke koya wa 'ya. A 2004 gwamnatin ƙasar ta ba wata masaƙiya 'yar ƙabilar Sama daga lardin Tawi-Tawi, Haja Amina Appi, lambar girma mafi daraja da ake ba masu sana'ar gargajiya. Ta rasu a 2013.

A wajen abinci, rogo ne tuwon talaka. A goge shi, a matse ruwan, a turara shi ya zama curi, shi ne piyutu, ana ci da gasasshen kifi. In kuma aka soya garin a busasshen kasko sai ya fito kusan kamar garin rogon da muka sani. Ɗanyar ciyawar teku ma ana kwaɗa ta da albasa da tumatir da lemon tsami. Ranar biki akan yi wata baƙar miya ta maƙwabtansu Tausug mai suna tiyula itum, ta naman sa, wadda ƙonanniyar kwakwa ce ke ba ta launi da ƙanshi, a haɗa da citta da kurkum. Akwai kuma lokot-lokot, wanda ake tsiyaya ƙullun shinkafa ta cikin ƙoƙo mai huda-huda a cikin mai, ya fito kamar zare, a naɗe shi.

Kada ki firgita in kin ga mace da fuska shafe da wani abu rawaya ko fari. Burak ke nan, haɗin garin shinkafa da kurkum da ganyaye, wanda mata ke shafawa don kare fata daga zafin rana da iskar gishiri. An fi ganinsa a fuskar matan Badjao, wani reshe na Sama da a da a cikin kwalekwale suke haihuwa su tsufa, yanzu kuma da yawansu sun kafa gidaje a gefen ƙauyuka irin wannan. Su ne suka fi kowa talauci a yankin, kuma ko a tsakanin 'yan uwansu Musulmi sukan fuskanci raini, abin da bai dace ba.

Tarbiyya da zaman iyali

Yaron Taluksangay kan tashi da harsuna da yawa a bakinsa. A gida Sinama, a kasuwa Tausug da Chavacano, wanda harshe ne da ya tsiro daga na Sifen, a makaranta kuma Filipino da Turanci, ga Larabcin islamiyya. In yaro ko yarinya suka sauke Alƙur'ani akan yi walima mai suna pagtammat, a yi musu ado, su yi karatu a gaban malamai da dangi, daidai da saukar da muke yi. Tun 2004 aka shigar da darasin Larabci da tarbiyyar Musulunci a makarantun gwamnati masu ɗalibai Musulmi. Akwai kuma dokar 1977 da ta ba Musulmi damar bin shari'a a sha'anin aure da saki da gado, a ƙasar da sauran jama'a ba su da dokar saki. An mayar da ƙaramar salla ranar hutu ta ƙasa baki ɗaya a 2002.

Birnin Zamboanga dai Kiristoci ne suka fi yawa, Musulmi sun kai kimanin kashi ɗaya cikin uku, kuma birnin ba ya cikin yankin Bangsamoro mai cin gashin kai da aka kafa wa Musulmi a 2019. Saboda haka zaman tare ya zama dole, a kasuwa ɗaya ake ciniki, a asibiti ɗaya ake haihuwa.

Da masifa ta sake zagayowa

Zama a bakin teku na da nasa haɗari. Yankin Zamboanga ba ya kan hanyar manyan guguwar da ke addabar arewacin ƙasar, amma a daren 17 ga Agusta 1976 girgizar ƙasa ta auku a ƙarƙashin tekun Moro, igiyar ruwa ta tsunami ta afka wa ƙauyukan gaɓa mutane na barci, dubbai suka halaka, akasarinsu masu gidaje a kan ruwa. Yaƙin 'yan awaren Moro da ya ɓarke a shekarun 1970 shi ma ya raba dubban iyalai da tsibiransu.

Sai kuma watan Satumba na 2013, lokacin da wani ɓangare na ƙungiyar MNLF ya shiga birnin Zamboanga da makamai, aka yi kusan mako uku ana musayar wuta da sojoji. Unguwannin Musulmi na bakin ruwa irin su Rio Hondo da Mariki suka ƙone, gidaje wajen 10,000 suka salwanta, mutum fiye da 100,000 suka rasa matsuguni. Aka cusa mutane a filin wasa na birnin, inda cunkoso da rashin tsafta suka yi ajalin ƙananan yara da tsofaffi da dama. Da aka tashi neman wuraren da za a tsugunar da su na wucin gadi, Taluksangay na cikin ƙauyukan da aka gina musu ɗakuna. Shekara 128 bayan gina masallacin, jikokin waɗanda aka kora daga Balangingi su ne masu masaukin wasu korarrun.

Yau abin da ke gaban ƙauyen bai wuce na sauran ƙauyukan gaɓa ba, wato ruwan sha, da sharar leda da ke taruwa a ƙarƙashin gidaje, da gobara mai saurin cin gidajen katako, da sare dajin ruwa da ke kare su, da matasa masu tafiya birni ko Saudiyya neman aiki. Amma har gobe ladan na kiran salla daga ƙarƙashin jajayen ƙubbobin nan, mata na ɗaurin ciyawa, yara na tafiya islamiyya ta kan gadojin katako.

To uwargida, in Allah Ya kai ki ƙasa mai tsarki kika haɗu da wata hajiya 'yar Filifin a sahu, ki yi mata sallama, ki tambaye ta ko ta san Zamboanga. Allah Ya mayar da duk wanda fitina ta raba da gidansa, a can da nan, Ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.